Babi na Shida: Kowane Makulli da Ajinsa

A babin da ya gabata mun ga yadda ake shirya filas ɗin da za a ɗora wa kwamfuta sabuwar Windows, da yadda mutum zai kwashe takardunsa da hotunansa kafin a goge komai. Saura mataki guda da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke jawo rubutun nan mai dishi-dishi da ke maƙalewa a kusurwar dama ta ƙasan sikirin yana cewa "Activate Windows". Kwamfutar da jiya take aiki da lasisinta lafiya lau, yau an yi mata fomatin, sai ga ta tana neman makulli. Mai ita ya ce mai gyara ya cuce shi, mai gyara ya ce ai daman lasisin nata na bogi ne. Sau da yawa dukkansu ba su gano bakin zaren ba. Lasisin yana nan daram, Windows ɗin da aka ɗora ce ba ta ajinsa ba.

Zubi daban, aji daban

Abu biyu ne ke tattare a sunan kowace Windows. Na farko shi ne zubi, wato 7 ko 8 ko 10 ko 11, wanda ke nuna zamanin da aka fitar da ita. Na biyu shi ne aji, wato Home ko Pro ko Enterprise ko Education, wanda ke nuna wa aka yi wa ita da kuma nawa aka biya. In mutum ya ce kwamfutarsa Windows 10 ce, rabin sunan kawai ya faɗa.

Makullin lasisi baƙaƙe ne da lambobi 25, an kasa su gida biyar, kowane gida da biyar. Kamfanin Microsoft ya ɗaure kowane makulli da aji guda. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: ƙofar zaure ɗaya ce, amma makullin ɗakinka ba zai buɗe na maƙwabcinka ba, ko da kafinta ɗaya ne ya yi ƙofofin. Makullin Home ba ya tabbatar da Pro. Wanda ya fi ba mutane mamaki kuma shi ne, makullin Pro ma ba ya tabbatar da Home, duk da cewa Pro ta fi tsada. Ba a cewa ai na biya kuɗin babba, a ba ni ƙarami. Dole ajin da aka ɗora ya yi daidai da ajin da aka biya.

Akwai kuma abubuwan da makulli bai damu da su ba, kuma sanin su na rage fargaba. Bai damu da ko Windows ɗin mai bit 32 ce ko mai 64 ba. Bai damu da harshe ba: wanda ya sayi kwamfuta mai Faransanci a Maraɗi ko Damagaram yana iya ɗora ta Turanci da lasisinsa, matuƙar ya tuna cewa abin da aka rubuta wa Famille shi ne Home, Professionnel kuma shi ne Pro. Sannan tsakanin Windows 10 da 11 lasisi ɗaya ne: Home ta 10 tana tabbatar da Home ta 11, Pro ta 10 tana tabbatar da Pro ta 11, in dai kwamfutar ta cika sharuɗɗan ɗaukar sabon zubin.

Daga sitika zuwa cikin bod

Kafin shekarar 2001, makulli lamba ce kawai da ake bugawa lokacin ɗora manhaja, babu mai bin diddigin kwamfuta nawa aka sa wa ita. Windows XP ce ta zo da tsarin tabbatarwa, inda kwamfuta ke tuntuɓar Microsoft ta intanet ko ta wayar tarho, a haɗa makullin da bayanan kayan cikinta. Daga nan har zuwa Windows 7, makullin kwamfutar da aka saya da Windows a cikinta yana rubuce ne a kan wata sitika mai ƙyalli da ake mannawa a ƙasan laftof, ko cikin ramin batir, ko a gefen akwatin kwamfutar tebur. Sitikar na ɗauke da sunan ajin ɓaro-ɓaro. Matsalarta ita ce tana gogewa da zafi da gumi, kuma duk wanda ya juya kwamfutar yana iya kwafe lambar.

Da Windows 8 ta fito a watan Oktoba na 2012, sai aka sauya salo. Kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suka koma rubuta makullin a cikin bod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi. Yana zaune ne a ƙwaƙwalwar BIOS, a wani ɗan gurbi da ake kira MSDM. Fomatin ba ya taɓa shi, canja hadis ba ya taɓa shi, ko Linux aka ɗora aka shekara ana amfani da ita, yana nan. Shi ya sa laftof ɗin zamani ba ta da lamba a jikinta, sai dai 'yar sitika mai tambarin Windows. Da yawa daga masu sayen kwamfutar hannu suna ganin babu lamba sai su ɗauka babu lasisi, alhali yana ciki.

A ranar 29 ga Yuli, 2015, Windows 10 ta fito, Microsoft kuma ta ba masu 7 da 8.1 damar hawa kyauta. A nan ne aka shigo da lasisin da ba shi da lamba a hannun mai shi. Kwamfuta na aika bayanan kayan cikinta, musamman bod, Microsoft ta adana cewa wannan na'ura tana da izinin aji kaza. Duk ranar da aka sake ɗora wannan ajin, da zarar ta hau intanet sai ta tabbatar da kanta. Hawan kyautar ma bisa aji aka yi shi. Mai Windows 7 Starter ko Home Basic ko Home Premium ya sauka a Home. Mai Professional ko Ultimate ya sauka a Pro. Babu wanda ya tsallaka aji a kyauta.

A hukumance garaɓasar shekara guda ce, ta ƙare a Yulin 2016, amma tsofaffin makullan 7 da 8 sun ci gaba da karɓuwa shekaru bayan haka, har masu gyara suka saba da kwafo lamba daga sitikar matacciyar kwamfuta. A watan Satumba na 2023 Microsoft ta rufe wannan ƙofa. Kwamfutar da ta riga ta hau ta samu lasisinta kafin lokacin tana nan da shi. Wadda ba ta taɓa hawa ba kuwa, lambar sitikarta ta Windows 7 ba za ta ƙara tabbatar da 10 ko 11 ba.

Hanyoyi uku da lasisi ke zuwa

Bayan aji, akwai hanyar da lasisin ya biyo, domin ita ke faɗin ko ana iya ɗauke shi a kai wata kwamfutar.

Na farko shi ne wanda kamfanin ƙera kwamfuta ya saya ya haɗa da na'urar, ana kiran sa OEM. Shi ne a yawancin laftof. Da kwamfutar aka haife shi, da ita zai mutu. In ka sayar da ita ka sayar da shi, in ta ƙone ya ƙone.

Na biyu shi ne wanda mutum ya saya da kansa daga Microsoft ko dillalinta, ana kiran sa Retail. Farashinsa a Amurka dala 139 ne na Home, kusan dala 200 na Pro. Wannan naka ne, kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka kai sabuwa, amma a kan na'ura ɗaya kawai zai zauna a lokaci guda.

Na uku shi ne na sari, wanda bankuna da jami'o'i da ma'aikatu ke saya domin ɗaruruwan kwamfutocinsu. Shi kuma kashi biyu ne. Akwai MAK, lamba guda da aka ƙayyade mata sau nawa za a yi amfani da ita, in adadin ya cika ta daina aiki. Akwai KMS, inda ma'aikatar ke da uwar garke tata da ke tabbatar da kwamfutocinta. Tabbatarwar KMS ta kwana 180 ce, kwamfutar kuma tana ƙoƙarin sabunta ta duk kwana 7. In ta bar ma'aikatar ta daina jin uwar garken, bayan wata shida sai lasisin ya faɗi. Ajin Enterprise ta wannan hanya ake samun sa, ba a sayar da shi ga ɗaiɗaikun mutane a shago. Don haka in ka ga Enterprise a kwamfutar gida, ko dai ta fito daga wata ma'aikata ba a goge ta ba, ko kuma an yi mata dabara.

Yadda ake asarar lasisi a teburin gyara

Ga ɗaliba ta shigo shago da laftof ɗin da aka sayo mata sabuwa dal a kwali shekara biyu da suka wuce.

"Injiniya, ga ta nan ta yi nauyi, kafin ta buɗe sai na gaji da jira. A yi mata fomatin."

"To Hajiya. Wacce za a sa miki, Home ko Pro?"

"Wacce ta fi?"

"Ai Pro ce babba."

"To a sa babbar."

Ya jawo filas ɗinsa daga cikin durowa, irin wanda aka haɗa da Pro kaɗai a ciki, wanda yake ɗora wa duk kwamfutar da ta shigo shagon. Cikin awa guda an gama, kwamfuta ta yi sauri, kowa ya ji daɗi. Kwana biyu ta dawo: ta je canja hoton fuskar kwamfutar an hana ta, ga kuma wani rubutu a kusurwa ya ƙi tafiya.

"Ba komai ba ne ƙanwata, kawo in yi mata aktibetin."

Ya kashe Defender, mai gadin kwamfutar, domin in yana kunne ba zai bar abin ya yi aiki ba. Ya buɗe wata 'yar manhaja, ya danna jan maɓalli, rubutun ya ɓace. Ta biya ta tafi tana godiya.

A cikin bod ɗin wannan kwamfuta akwai makullin Home na gaskiya, wanda kuɗinsa ke cikin farashin da aka biya ranar da aka saye ta. Da an ɗora Home, da ta tabbatar da kanta ba tare da an danna komai ba, kuma har iya rayuwarta. An ajiye wannan a gefe, an sa mata Pro da ba ta da izininsa, sannan an rufe ɓarakar da manhajar da ke kwaikwayon uwar garken KMS. Mai gyaran ba mugunta ya yi ba, abin da ya koya a wurin ubangidansa ke nan. Amma sakamakon ɗaya ne: an yi musayar halal da jabu, kuma mai kayan ba ta sani ba.

To me Pro ta ƙara mata? Kwamfuta ba ta fin sauri don an sa mata Pro, batir ba ya ƙara daɗewa, Word da Excel da burauza duk aikinsu ɗaya a ajin biyu. Abin da Pro ta fi Home da shi kayan aikin ofis ne: cikakkiyar BitLocker ta kulle hadis da filas, damar shiga kwamfutar daga nesa ta Remote Desktop, haɗa ta da rukunin kwamfutocin ma'aikata, Group Policy na kafa wa ma'aikata dokoki, da Hyper-V na gudanar da wata babbar manhajar a cikin wannan. Home tana ɗaukar RAM har gigabait 128, Pro har terabait 2, alhali laftof ɗin ɗalibar 8 gare ta. Wanda bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, da wuya yana bukatarsu.

Akasin haka ma na faruwa. Kwamfutocin hannu da ke cika kasuwannin Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, da yawansu irin na ofisoshin Turai da Amurka ne: Latitude, EliteBook, ThinkPad. Irin waɗannan galibi da makullin Pro suke zuwa a cikin bod. Wasu ma an sayar da su ne da Windows 7 a kai, amma makullin da ke ciki na sabon zubi ne, domin lasisin Pro ya ba kamfanoni damar amfani da tsohon zubi in sun ga dama. Wanda ya ɗora wa irin wannan Home, ko ya yi mata kirak da irin manhajar nan mai jan maɓalli, ya zubar da abin da wasu ke biyan dala 200 su samu.

Hawa da sauka

Hawa daga Home zuwa Pro ba ya bukatar fomatin. A Windows 11 ka shiga Settings, sai System, sai Activation. A Windows 10 kuma Activation tana ƙarƙashin Update & Security. Ka zaɓi "Change product key" ka buga makullin Pro na gaskiya, ko ka sayi ƙarin daga shagon Microsoft, wanda a Amurka dala 99 ne. Kwamfutar za ta ɗan yi aiki, ta sake tashi, ta dawo a matsayin Pro, takardunka da manhajojinka suna nan yadda ka bar su. Dalili kuwa shi ne kayan Pro daman suna cikin Home, a kulle kawai suke.

Sauka daga Pro zuwa Home ita ce mai wahala. Microsoft ba ta tanadi hanyar yin ta kai-tsaye ba. In ka buga makullin Home a kan Pro, sai ta ƙi karɓa ta nuna maka lambar kuskure, sau da yawa 0xC004F050, wadda ke sa mutum ya zaci makullinsa ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Mafita ita ce a kwashe kaya, a sake ɗora Windows tun daga tushe, a zaɓi Home. Wato kuskuren daƙiƙa biyar a wurin zaɓar aji, gyaransa yini guda ne.

Akwai kuma wani ruɗani da ke samun wanda ya yi komai bisa ƙa'ida. Ka sayi kwamfuta mai Home, ka biya ka hau Pro, bayan shekara ka yi fomatin da filas na asali daga Microsoft. Sai ka ga ba a ma tambaye ka aji ba, an gama sai ga Home. Abin da ya faru shi ne manhajar ɗorawa ta leƙa cikin bod, ta ga makullin Home, ta yanke hukunci da kanta. Kuɗinka bai salwanta ba. Ka koma Activation ka sake buga makullin Pro ɗinka. In kuma ta shagon Microsoft ka saya ba ka da lamba, ka shiga da asusunka ka danna "Troubleshoot", zai gano lasisin Pro da ke rajiste da na'urar. Masu gyara da suka ƙware suna kauce wa wannan tun farko ta hanyar ajiye wani ɗan fayil mai suna ei.cfg a cikin jakar sources ta filas ɗin, wanda ke tilasta wa manhajar ta nuna jerin azuzuwan a zaɓa da hannu.

Azuzuwa biyu masu kama da wasu

Idan jerin ya fito, ka karanta shi a tsanake, domin akwai sunaye masu yaudarar ido. Home Single Language aji ne mai zaman kansa, ba Home ba ce. An yi shi da rahusa domin kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Indiya da makamantansu, shi ya sa sabbin laftof da ake shigowa da su ta Dubai da yawa shi ne a cikinsu. Bambancinsa shi ne harshe ɗaya kawai yake nuna menu da shi. Mai wannan lasisi in ya zaɓi Home zalla, ba za ta tabbata ba, kuma shi kansa zai rantse cewa ajinsa ya ɗora.

Sai masu harafin N a ƙarshe, Home N da Pro N. Asalinsu hukuncin da Hukumar Tarayyar Turai ta yanke wa Microsoft ne a 2004, inda ta tilasta mata fitar da Windows marar Media Player. Makullinsu daban ne. Lasisin Pro ba ya tabbatar da Pro N, na Pro N ma ba ya tabbatar da Pro. In ba ka tabbata kwamfutarka da N ta zo ba, kada ka taɓa shi.

Tambayi kwamfutar kafin ka goge ta

Matambayi ba ya ɓata, kuma duk abin da kake bukatar sani kwamfutar za ta faɗa maka cikin minti biyar, matuƙar ka tambaya kafin fomatin.

Ka fara da danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. Akwatin da zai fito zai nuna zubi da cikakken sunan aji. Ka rubuta shi a takarda harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya.

Sai ka duba shafin Activation. In an rubuta cewa an tabbatar da Windows da "digital license", to Microsoft ta san na'urarka. In an ƙara da cewa lasisin na haɗe da asusunka na Microsoft, ya fi kyau. In kuwa ka ga ana maganar "organization's activation service" alhali kwamfutar ta gida ce, to KMS ce, kuma ajin da kake gani a winver ba lallai ne shi ne naka na gaskiya ba.

Domin sanin na gaskiyar, ka buɗe PowerShell ka rubuta wannan:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select OA3x*

In akwai makulli a cikin bod, zai fito da shi tare da bayanin ajinsa. Kada sunayen su ruɗe ka: Core na nufin Home, CoreSingleLanguage na nufin Home Single Language, Professional kuma Pro. In babu abin da ya fito, to bod ɗin ba shi da makulli, sai a koma ga sitika ko lasisin da aka samu ta hawan kyauta.

Na ƙarshe, ka rubuta slmgr /dli a PowerShell ɗin. Zai nuna hanyar da lasisin ya biyo, OEM ko RETAIL ko VOLUME, da baƙaƙe biyar na ƙarshen makullin da ke aiki yanzu. Waɗannan biyar ɗin suna da labari. In ka ga 3V66T a Pro ko 8HVX7 a Home, wannan makullin gama-gari ne da miliyoyin kwamfutoci ke ɗauke da shi. Aikinsa kawai ya nuna aji, ba ya tabbatar da komai shi kaɗai. Mutane kan yi amfani da manhajar tono makulli su kwafe shi su adana kamar zinare, sai ranar bukata su tarar ba ya buɗe komai. Ainihin lasisinsu yana wurin Microsoft, ɗaure da bod. In kuma ka ga T83GX tare da VOLUME_KMSCLIENT, to Pro ce ta KMS. Ka kuma lura cewa kwamfutar da ta hau kyauta takan nuna RETAIL ko da asalin lasisinta OEM ne, don haka wannan kalma kaɗai ba hujja ba ce ta cewa za ka iya kai shi wata na'urar.

Da ka san ajinka, sauran mai sauƙi ne. Ka yi amfani da filas ɗin da aka haɗa da manhajar Microsoft ta asali. In an nemi makulli ka danna "I don't have a product key", ka zaɓi ajin da ka rubuta a takarda, ka gama, ka haɗa da intanet. Ita da kanta za ta tabbata.

In an canja bod

Ƙara RAM, ko cire hadis a sa SSD, ko canja sikirin da kibod da batir, duk ba sa taɓa lasisi. Bod ne kaɗai abin lura, domin a wurin Microsoft sabon bod sabuwar kwamfuta ce. A kasuwanninmu kuwa, in bod ya ƙone, galibi daga wata laftof irinta ake ciro wani a sa. Wannan bod ɗin yana zuwa da nasa makullin da nasa ajin. Kwamfutarka da ta kasance Home tana iya wayar gari da lasisin Pro, ko akasin haka. Bayan irin wannan gyara, ka sake yin tambayar PowerShell ɗin nan kafin a ɗora komai.

Mai lasisin Retail shi ne ke da hanyar dawo da nasa. Tun daga sabuntawar watan Agusta na 2016, ana iya haɗa lasisi da asusun Microsoft. In an yi haka kafin bod ya mutu, sai a shiga da asusun, a danna "Troubleshoot", a zaɓi "I changed hardware on this device recently", a nuna tsohuwar na'urar a jerin. A nan ma sharaɗin bai canja ba: ajin da ke kan kwamfutar dole ya zama irin na lasisin.

Makullin araha

Za ka ga ana tallan makullin Pro a intanet da kuɗin da bai kai na katin waya ba. Araha ba ta ado. Da yawansu lambobin MAK ne da suka sulale daga wata ma'aikata, ko waɗanda aka ware wa masu rubuta manhaja da makarantu, ake sayar wa mutane barkatai. Yana iya karɓuwa yau, amma ranar da ka sake fomatin ka tarar adadinsa ya cika ko an toshe shi, mai sayarwar kuma ya ɓace. Manhajojin kirak sun fi wannan haɗari, domin sai ka kashe mai gadin kwamfutarka da hannunka kafin su yi aiki, kuma an sha samun masu ɗauke da ɓoyayyun manhajojin satar kalmar sirri. Wanda ke shiga asusun bankinsa da wannan kwamfuta ya yi tunani sau biyu.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, Windows 10 da 11 suna aiki ko ba a tabbatar da su ba. Za ka sha ganin rubutun kusurwa, za a hana ka canja launi da hoton fuska, kuma ba ka cika sharaɗin lasisi ba, amma ba za ta kulle ka a waje ba. Saboda haka babu gaggawar da za ta sa ka miƙa kwamfutarka ga manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba. Ka tsaya ka bincika, wataƙila lasisin da kake nema yana cikin bod.

Maganar ta ƙara muhimmanci yanzu, tun da wa'adin tallafin Windows 10 ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutoci da yawa za su koma teburin gyara domin a ɗora musu 11. Ga masu gyara, roƙona shi ne ku riƙe filas na asali mai ɗauke da dukkan azuzuwan, ku duba bod kafin ku goge, ku bar tambayar mai kaya abin da kwamfutarsa ta fi shi sani. Kai kuma mai kwamfuta, kada ka miƙa ta sai ka rubuta cikakken sunan ajinta a takarda. In aka tambaye ka Home ko Pro, ka ce a sa wadda ta zo da ita.